Filin Tambaya da Amsa: Karatun Injiniyan Gine-gine da Zaɓen Fannin Ƙwarewa

Wasiƙun wannan watan galibinsu daga ɗaliban injiniyancin gine-gine suka zo, da masu shirin shiga karatun. Mun haɗa masu kama da juna, muka miƙa wa injiniyoyin da ke amsa tambayoyi a wannan fili.

TAMBAYA: Ranku ya daɗe, Injiniyoyi. Na gama sakandare, ina sha'awar karatun nan, amma kowa sai ya ce lissafinsa ya fi ƙarfin mutum. Me ake karantawa a ciki, kuma wane darasi ne ya fi kayar da ɗalibai?

AMSA: Ƙanenmu, lissafi kam akwai shi, amma ba shi ne ya fi kayar da mutane ba. Digirin shekara huɗu ne a yawancin ƙasashe, biyar a wasu, uku a wasu ƙasashen Turai, kuma tsarinsa kusan ɗaya ne ko'ina. Shekarar farko ta lissafi ce da fiziks da kemistiri da zanen injiniya. A ta biyu ake shiga sana'ar gadan-gadan: daidaiton ƙarfi, ƙarfin kayan gini, halayyar ruwa, da safiyo. Ta uku ce mai nauyi, don a nan ake jibga maka nazarin ginshiƙi da bim, da ilimin ƙasa, wato halayyar ƙasar da gini ke zama a kanta, da tafiyar ruwa a bututu da magudana, da tsara hanya, duk a lokaci guda. Sai a shekarar ƙarshe ake barin ka ka zaɓi wasu darussa da aikin bincikenka na kammalawa.

Darasin da ke tankaɗe ɗalibai shi ne na daidaiton ƙarfi, wato statiks. Dokarsa gajera ce: duk abin da yake tsaye cik, ƙarfin da ke tura shi sama da ƙasa, da na hagu da dama, da mai neman juya shi, dole su soke juna. Lissafin ciki bai fi na sakandare da yawa ba. Wurin faɗuwa shi ne zanen farko, inda za ka ware bim ɗin shi kaɗai a takarda, ka sa kibiya a kan kowane nauyi da ke bisansa da kowane wurin da ya jingina. Ka manta kibiya ɗaya, shafi ukun da za ka cika bayan nan asarar tawada ce. Kuma ba a rabuwa da darasin ranar jarrabawarsa, don a kansa aka ɗora ƙarfin kayan gini, a kan wannan aka ɗora nazarin gini, sannan tsara kankare da ƙarfe. Wanda ya tsallake shi da ƙyar a aji biyu, a aji huɗu zai biya bashin.

Na biyu shi ne ma'auni. Cakuɗa milimita da mita a lissafi ɗaya ya kayar da ɗalibai fiye da kalkulas, wato babban lissafin da ake tsoro. Ka saba rubuta ma'auni kusa da kowace lamba, kuma ka riƙe wasu adadi a ka don gane amsar banza da ka gan ta. Kubik mita ɗaya na kankare mai rodi kusan tan biyu da rabi ne. Dekin mai kaurin milimita 150 yana da nauyin kilo 375 a kowace murabba'in mita, ke nan dekin ɗakin da ke da mita 4 da mita 5 ya kai tan bakwai da rabi kafin mutum ɗaya ya taka shi. Idan lissafinka ya ba ka kilo 750, ka san sifili ya ɓace maka a hanya.

Kafin ka cika takardar shiga, ka bincika ko hukumar injiniyoyi ta ƙasarka ta amince da digirin wannan jami'a, don rajistar zama cikakken injiniya a kan wannan ta dogara. Mai tunanin aiki a wata ƙasa kuma ya duba ko hukumar tana cikin yarjejeniyar Washington ta 1989, wadda ƙasashen da ke cikinta ke karɓar digirin juna.

TAMBAYA: Ina aji uku, an ce kowa ya zaɓi fannin da zai ƙware kafin zango mai zuwa. Abokaina duk sun nufi fannin ƙarfin gini. Ni kuwa makina a ilimin ƙasa da na ruwa ya fi kyau, amma ina tsoron na zaɓi abin da zan yi nadama. Ku ba ni shawara.

AMSA: Da farko kwantar da hankalinka, Malam. Zaɓen nan bai kai yadda kake jin nauyinsa ba. A yawancin jami'o'i takardar digirin suna ɗaya take ɗauke da shi ga kowa, darussan zaɓin kuma ba su wuce 'yan ƙalilan ba. Abin da ke kafa mutum a fanni shi ne aikin kammalawarsa, da wurin aikinsa na farko, da digiri na biyu in ya yi. Saboda haka ka ajiye sunan fanni da kwarjininsa a gefe, ka dubi aikin da mai fannin ke wuni a kansa.

Mai fannin ƙarfin gini wuninsa bin sawun nauyi ne: daga rufi zuwa dekin, zuwa bim, zuwa ginshiƙi, zuwa harsashi. Lissafinsa mai tsafta ne, kuma ba ya yafiya. Bim mai tsawon mita 5 da ya jingina a bakinsa biyu, in ka ninka tsawonsa ka bar kaurinsa da irin nauyin da ke kan kowace mita, ƙarfin da ke lanƙwasa shi ya ninka sau huɗu, lotsawarsa sau 16. Kankare yana jure danni ƙwarai, amma wajen ja bai fi kashi ɗaya cikin goma na wancan ba, shi ya sa ake sa rodi a gefen da ke miƙewa. A bim na tsakiyar ɗaki gefen nan ƙasa ne. A baranda mai fitowa waje ba ginshiƙi kuwa sama ne, kuma wannan ɗan bambancin ya rushe baranda da yawa. Rabin aikin fannin yana wurin mahaɗa. A 1981, a otal ɗin Hyatt Regency na birnin Kansas a Amurka, an rataye wasu gadojin tafiya biyu, ɗaya bisa ɗaya, a cikin zauren otal ɗin. Zanen asali sandar ƙarfe ɗaya ya nuna, doguwa, daga rufi ta ratsa ta saman ta kai ta ƙasan. Wajen ƙera sandar sai aka raba ta biyu don sauƙin aiki, aka rataye gadar ƙasa a jikin ta sama. Nauyin da ke kan mahaɗar gadar sama ya ninka, mahaɗar ta ɓalle, mutum 114 suka mutu. In kana jin daɗin sake duba aikin da ka riga ka gama, kana iya wuni da littafin ƙa'ida irin Eurocode ko ACI 318 ba ka gaji ba, to nan gidanka ne.

Ilimin ƙasa da harsashi, wanda ka ce makinka ya fi kyau a ciki, wata duniya ce daban. Ƙarfe da siminti daga masana'anta suke zuwa da takardar ƙarfinsu. Ƙasa ba wanda ya ƙera ta. Za a haƙa 'yan ramukan gwaji a fili mai faɗi, daga abin da ya fito kai za ka faɗi abin da ke tsakaninsu, wanda ba ka gani ba. Gwajin da aka fi yi a cikin ramin shi ne a saki guduma mai kilo 63.5 daga tsayin santimita 76 a kan bututun ɗaukar samfuri, a kora shi santimita 45, a yar da lissafin 15 na farko saboda haƙa ta dagula wurin, a ƙirga bugun da ya ci sauran 30. Bugu huɗu a yashi, sako-sako ne. Bugu arba'in, ya danƙare. Saboda wannan rashin tabbas, mai lissafin bene kashi 35 ko 50 cikin ɗari yake ƙara wa nauyi a tsarin Eurocode, shi kuwa mai lissafin harsashi a hanyar da aka saba gida uku yake raba ƙarfin ƙasar ya yi aiki da kashi ɗaya.

Kuma abin tsoro a ƙasa ba lallai ta fashe ba, zama take yi a hankali. Yumɓun da ya ƙoshi da ruwa, in aka ɗora masa gini, ruwan da ke cikinsa ne ke fara ɗaukar nauyin, sai ya riƙa tsiyayewa shekara da shekaru, ginin na bin sa ƙasa. Injiniya Karl Terzaghi ne ya fayyace wannan a littafinsa na 1925, kuma daga nan fannin ya tsaya da ƙafarsa. Gini ya zauna gaba ɗaya daidai, da sauƙi. Gefe ɗaya ya fi ɗaya zama, shi ke tsaga bango. Hasumiyar Pisa a Italiya, wadda aka fara ginawa a 1173, ta karkata ne don ƙasar gefen kudu ta fi laushi. Da aka rufe ta a 1990 don ceto, ba tokare ta aka yi ta miƙe ba: ƙasa aka riƙa zarewa kaɗan-kaɗan daga ƙarƙashin gefen arewa har ta ɗan dawo, aka sake buɗe ta a 2001. A ganinmu wannan ne fannin da ɗalibai suka fi rainawa ba bisa haƙƙi ba. Masu shi ba su da yawa, ga shi ba bene, ba gada, ba hanya, ba dam da za a yi ba tare da su ba. Sai dai ka sa a ranka cewa digiri na biyu kusan dole ne a cikinsa.

Fannin ruwa gida biyu ne. Ɗaya yana tambayar ruwa nawa zai zo, kuma amsar ƙiyasi ce daga bayanan ruwan sama na shekarun baya. Ambaliyar da ake kira ta shekara 100 ba wai sau ɗaya take zuwa a ƙarni ba. Yiwuwarta kashi ɗaya ne cikin ɗari a kowace shekara, wanda in ka tara na shekara 30 ya kai kusan kashi 26. Ɗayan gidan yana tambayar ta ina ruwan zai bi. Ka rage faɗin bututu da rabi ka ce ruwa iri ɗaya zai wuce, ƙarfin da gogayya ke cinyewa zai ninka kusan sau 30, shi ya sa tsumulmular bututu ke ƙarewa a sayen babban injin turo ruwa da biyan wutarsa har abada. Ka rufe bawul farat ɗaya a dogon bututu, ruwan da ke gudu zai daki bangon har ya iya fasa shi. Tunda ƙasa da ruwa duka suna yi maka kyau, ka dubi inda suka haɗu, wato madatsun ƙasa da katangun tare ƙasa da gangaren tsauni. Dam ɗin Teton na jihar Idaho a Amurka ya ɓalle a watan Yunin 1976, a cikawarsa ta farko, don ruwa ya sami hanya ta tsagogin dutsen da ke gefensa, ya riƙa kwashe ƙasar cikin dam ɗin har ya yi rami.

Fannin muhalli maƙwabcin na ruwa ne, aikinsa tace ruwan sha, sarrafa ruwan ƙazanta, da shara. Wanda ba ya shiri da kemistiri kada ya kusance shi.

Fannin hanya ma biyu ne: masu jikin hanyar, da masu tsara zirga-zirga, waɗanda aikinsu ƙirga motoci ne da lissafin mahaɗa da fitilun hanya. Masu jikin hanya abu biyu suke yaƙi da shi. Na farko lodi. Gwajin da aka yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa in nauyin da ke kan layin tayoyi ya ninka, ɓarnarsa ga hanya kusan sau 16 take ninkawa, ke nan babbar mota ɗaya mai lodin wuce kima ta fi dubban ƙananan motoci cin kwalta. Na biyu ruwa. Ana ɗan ɗaga tsakiyar hanya, gangaren kashi 2 zuwa 2.5 cikin ɗari, don ruwa ya sauka gefe, kuma da lambatu ya toshe ruwa ya jiƙa ƙasar ƙarƙashi, kwaltar sama ba ta da abin dogara. Fannin kula da aikin gini kuwa na jadawali ne da ƙididdigar kaya da kwangila da mutane. Shawararmu a shige shi bayan an ɗan taɓa ƙira, don mai kula da aikin da bai iya karanta lissafi ba, ɗan kwangila zai juya shi yadda ya so.

Ga gwajin da za ka yi wa kanka kafin zangon ya zo. Nemi rahoton binciken ƙasa na gaske, da takardar lissafin bene, da rahoton tsara magudana, malamanka suna da su a ofis. Ba kowanne awa biyu. Wanda ka tsinci kanka kana juya shafinsa ba don maki ba, shi za ka ɗauka, ko da kai kaɗai ne a ajin.

TAMBAYA: Wane fanni ne ya fi kawo kuɗi?

AMSA: Ba amsa ɗaya, don kasuwar tana bin abin da ƙasa ke ginawa a lokacin. Shekarun da gwamnati ke zuba kuɗi a hanyoyi, masu hanya ake nema. Da harkar gidaje ta tashi, sai masu bene. Kai kuma aikin shekara talatin ko fiye ke gabanka, za ka ga juyin nan ba sau ɗaya ba. Abin da muka tabbatar shi ne, a cikin kowane fanni tazarar da ke tsakanin injiniya mai rajista, wanda doka ta yarda ya sa hannu a zane, da wanda bai yi ba, ta fi tazarar da ke tsakanin fannonin. Rajistar kuwa sai an yi wasu shekaru ana aiki ƙarƙashin mai rajista, don haka wajen karɓar aikin farko ka tambayi wanda zai riƙa duba lissafinka kafin ka tambayi albashi.

TAMBAYA: Wace manhaja zan koya tun yanzu? Wasu sun ce da na iya ETABS shi ke nan na zama injiniya.

AMSA: Waɗanda suka faɗa maka haka ba su taimake ka ba. Fara da Excel, ka iya shi sosai, don lissafin yau da kullum a ofis a cikinsa ake yi. Sai AutoCAD don zane, da ɗan Python in da hali. Sauran fanni ke zaɓar maka: ETABS ko SAP2000 ko STAAD.Pro ga masu bene, PLAXIS ga masu ƙasa, HEC-RAS da EPANET ga masu ruwa, waɗannan biyun kyauta ne ma, Civil 3D ga masu hanya, QGIS ga duk mai hulɗa da taswira.

Manhaja abin da ka ba ta take sarrafawa, ba ta san ka yi kuskure ba. Ka gaya mata gindin ginshiƙi a kafe yake alhali a fili yana iya ɗan juyawa, za ta ba ka amsa da zane mai launi gwanin kyau, kuma ba daidai ba. Duk samfurin da ka gina, yi masa bincike biyu da hannu. Tara nauyin da ka ɗora wa ginin gaba ɗaya, ka gwada da jimillar abin da manhajar ta ce ya sauka a harsashi, dole su zo ɗaya. Sannan ɗauki bim ɗaya mai sauƙi ka lissafa ƙarfin da ke lanƙwasa shi a takarda: nauyin kowace mita, sau tsawon, sau tsawon kuma, a raba takwas. Bim mai mita 5 da ke ɗauke da kiloniyutan 20 (ma'aunin ƙarfi) a kowace mita zai ba ka kiloniyutan-mita 62.5. In manhajar ta yi nisa da wannan ba tare da dalilin da za ka iya faɗa ba, koma ka duba abin da ka shigar.

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce a aji uku, za a tura mu koyon aiki a wurin gini na wasu watanni. Waɗanda suka je bara sun ce zaman banza suka yi a inuwa. Me zan sa ido a kai don in amfana?

AMSA: Ƙanwarmu, ranar farko ki roƙi zanen rodi, ki tafi da awo da littafi. Kafin a zuba kankare ki bi bim ɗaya daga baki zuwa baki, ki ƙirga rodinsa, ki auna kaurinsu da tazarar zobban da ke ɗaure su, ki gwada da zane. Ki leƙa ƙarƙashi ki ga ko an sa 'yan guntayen kankaren da ke ɗaga rodi daga katako. Tazarar nan, kamar milimita 25 a dekin, 50 ko fiye a harsashi, ita ke tsare rodi daga damshi. In babu ita rodi zai yi tsatsa, tsatsa ta kumbura, ta fasa kankaren daga ciki. A baranda ki tsaya har a gama zubi, don leburori na taka rodin sama su danne shi ƙasa, inda ba shi da amfani.

Ranar zubi ki tsaya kusa da injin kwaɓi ki lura da ruwa. Kilo 50 na siminti, in ƙirar ta ce ruwa rabin nauyin siminti, lita 25 ke nan, har da ruwan da ke cikin jiƙaƙƙen yashi. Ma'aikata na son ƙara bokiti don kwaɓin ya yi saurin shiga, amma ƙarin lita 10 kawai na iya cinye kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin kankaren, don ruwan da ya yi saura in ya bushe ƙofofi yake bari. Ki nemi a ba ki gwajin laushi ki yi da hannunki: mazurarin ƙarfe mai tsayin santimita 30, a cika shi hawa uku, kowane hawa a soke shi sau 25 da sandar ƙarfe, a ɗaga mazurarin a miƙe, a auna yadda kankaren ya zauna. Ki bi samfuran da ake zubawa a 'yan akwatuna masu milimita 150 har ɗakin gwaji. Ana jiƙa su a ruwa, a murƙushe wasu a kwana 7, sauran a kwana 28, kuma na kwana 7 yakan ba da wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfin ƙarshe. In ya gaza haka sosai, a nan ake dakatar da cire tokaran da ke ƙarƙashin dekin. Bayan zubi kuma ki ga ko ana shayar da kankaren aƙalla kwana bakwai, don ba bushewa ke ƙarfafa siminti ba, haɗuwarsa da ruwa ce.

In wurin akwai cike ƙasa, ki auna kaurin kowane shimfiɗi kafin rola ta hau, kada ya wuce santimita 15 zuwa 20, ki kuma tambayi sakamakon gwajin danni, wanda galibi ake so ya kai kashi 95 cikin ɗari na abin da aka samu a ɗakin gwaji. Abin da kika ga ya saɓa wa zane kada ki yi jayayya da magina a gaban jama'a. Ki rubuta wurin da ranar, ki ɗauki hoto, ki kai wa injiniyan da ke kula da ke kafin motar kankare ta iso.